Ƙasa ya kumbura, sama ya tsage: nazarin daɓen jatoba a wani gida a Bauchi

Gidan bene ne mai hawa ɗaya a Fadaman Mada, cikin garin Bauchi, a ɓangaren da ruwa kan ɗan kwanta idan damina ta yi nisa. Mai gidan ɗan kasuwa ne mai yawan tafiya. Ya ga daɓen katako a masaukan ƙasashen waje, abin ya shiga ransa, ya ce babban falonsa na ƙasa da ɗakunan kwana biyu na sama ba za su ga tayil ba. Wani dillali a Legas ya sayar masa da jatoba, itacen da ake sarowa a dazukan Barazil da maƙwabtanta. Kowane falanki kaurinsa milimita 19, faɗinsa milimita 125, gefe ɗaya da harshe, ɗaya gefen da tsagar da harshen ke shiga, kuma tun daga masana'anta aka shafe samansa da banish. An shimfiɗa shi a watan Oktoba. Zuwa ƙarshen Fabrairu, lokacin da aka nemi in duba, falon ƙasa ya kumbura, ɗakunan sama sun tsattsage, an riƙe wa kafinta cikon kuɗinsa, har ana maganar kai shi ofishin 'yan sanda.

Katako iri ɗaya ne, mota ɗaya ta kawo shi, kafinta ɗaya da yaransa suka yi aikin a jere, amma ƙasa da sama suka kamu da cuta biyu masu kishiyantar juna. Alhaji mai gidan yana cewa kafinta bai iya ba. Kafinta yana cewa katakon jabu ne. Dillali kuma ta waya yana cewa ya sayar wa mutane barkatai a Legas da Fatakwal, ba wanda ya dawo masa da ƙorafi. Kowannensu yana da ɗan abin kamawa, sai dai babu maganar wanda ta bayyana dalilin da zai sa falanki ya kumbura a ƙasa, ɗan'uwansa ya motse a sama.

Abin da na tarar

Da hantsi na shiga falon, na sa aka zuge labulen tagar gabas. Da hasken ya kwanta a kan daɓen sai ga shi layi-layi kamar kwanon rufi: gefunan kowane falanki sun ɗaga, tsakiyarsa ta yi kwarmi. Na gicciya miƙaƙƙen ƙarfe a kan falanki ɗaya, na haɗa katin cirar kuɗi guda biyu na tura ta ƙarƙashinsa, suka wuce ba su taɓa komai ba. Kusa da ƙofar ɗakin cin abinci layi uku sun rabu da siminti gaba ɗaya sun yi tozo, har ƙofar ta kankare musu banish. Inda duk na ƙwanƙwasa da bayan sukundireba a wannan yanki, ƙarar fanko ke amsawa. Da aka ɓalle sikatin, wato siririn katakon da ke bin gindin bango, sai muka ga katakon ya tokare bango ƙam, ko wuƙa ba ta shiga tsakaninsu, filasta ma ta fara tsagewa a gindin bangon kudu.

A sama labarin daban ne. Falankan a kwance suke lafiya, amma tsakanin kowane biyu akwai tsaga, wata bakin makullin ƙofa yana shiga cikinta. Jar ƙurar hunturu ta cike tsagogin. Idan aka taka wasu wurare sai su yi ƙara, wasu falankan kuma kana jin suna motsi a ƙarƙashin ƙafa.

Na'urar auna danshin katako mai allura biyu ce ta fara raba gardamar. Wani falanki da muka ɗaga a falo, samansa ya nuna kashi 8 cikin 100, cikinsa da ke manne da siminti ya nuna kashi 17. A ɗakunan sama kuwa tsakanin 5 da 6 ne, sama da ƙasa duk ɗaya. Sai shaida ta uku, wadda na fi ba muhimmanci: akwai sauran kwalaye a sito da ba a taɓa yage ledarsu ba. Na tsakiyar tarin ya nuna kashi 12, a tsakiyar bushewar Fabrairu. Ke nan ranar da aka shimfiɗa katakon yana ɗauke da 12 ko 13.

A kula, waɗannan na'urori galibi da katakon Turai ko na Amurka aka saita su, kuma katako mai nauyi irin jatoba yana iya ruɗa su. Saboda haka na yanki guntaye, aka auna nauyinsu, aka gasa su a tanda a zafin digiri 103 har nauyin ya daina sauka, aka sake aunawa. Irin wannan tanda tana nan a ɗakunan gwajin ƙasa na sassan injiniyan gine-gine, kamar na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko na kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Gwallameji. Abin da tanda ta bayar bai yi nisa da abin da na'ura ta nuna ba.

Katako da iskar garinmu

Ko yaro a gidanmu ya san ƙofar katako da ke cijewa a watan Agusta sai an sa mata kafaɗa, ita ɗin ce kuma ke lilo a cikin firam ɗinta da hunturu. Katako, ko an sare shi shekara hamsin, bai daina shan laima daga iska yana mayarwa ba. Kullum neman daidaito yake da iskar da ke kewaye da shi. Idan laimar iska ta tsaya a kashi 80, danshin katako yakan zauna wajen kashi 16. A 65 yakan zauna wajen 12, a 50 wajen 9, a 30 wajen 6, a 20 kuma ƙasa da 5. Yana sha ya kumbura, yana mayarwa ya motse, kuma kusan duk motsin a faɗinsa yake. Tsawonsa ba ya canzawa sai abin da ba a rasa ba.

To a Bauchi, laimar iska takan haura kashi 70 zuwa 80 a lokacin marka, ta faɗo ƙasa da 20 da rana a Janairu da Fabrairu. Takardar da ke cikin kwalin katakon nan ta ce a riƙe ɗakin tsakanin kashi 35 da 55 duk shekara. An rubuta wannan ne domin gidajen da ke rufe ruf, masu na'urar ɗumama ɗaki da ta sanyayawa da wutar da ba ta ɗaukewa. Gidanmu taga a buɗe take, wuta tana zuwa tana tafiya, esi kuma ko ya yi aiki ƙara busar da iska yake, abin da ke taimako a Agusta ya zama ƙarin cuta a Maris. Maganar dillali cewa ba a yi masa ƙorafi a Legas da Fatakwal ba tana iya zama gaskiya, domin can iska a jiƙe take kusan duk shekara, katakon da ya zauna a 13 zai mutu a 13 ko kusa da haka. Matsalarmu ita ce nisan da ke tsakanin damina da hunturu.

Lissafin ba shi da wuya. Jatoba yana canza faɗi da kimanin kashi 0.3 cikin 100 a duk maki ɗaya da danshinsa ya hau ko ya sauka. Falanki mai faɗin milimita 125 da ya sauko daga 12 ko 13 zuwa 5 ko 6 ya rasa maki bakwai, wato milimita biyu da rabi da ɗan ɗoriya. Wannan ita ce tsagar da makulli ke shiga. Da na yi wa Alhaji wannan lissafi a bayan kwalin, sai ya yi shiru, ya karɓi biro ya sake yi da kansa.

Galibin irin wannan katako ana busar da shi a tanda zuwa tsakanin kashi 6 da 9 kafin ya bar ƙasarsu. Amma ya yi tafiya a teku, ya zauna a tashar jiragen ruwa, ya kwana watanni a sito a Legas, sannan ya iso Bauchi a watan Satumba ana tsaka da ruwa. A hanya ya ƙoshi. Shawarar da ake yawan ji ita ce a ajiye katako kwana uku ko mako ɗaya a ɗakin da za a shimfiɗa shi don ya saba. Kafinta ya yi hakan, sai dai a cikin ledarsa aka jibge shi, a ɗakin da filasta da fenti ba su gama bushewa ba. Ko da an buɗe shi, mako ɗaya ba ya yi wa jatoba komai. Katako ne mai nauyin kusan kilo 900 a kowace kubik mita, ƙwayarsa a matse take, a hankali yake sha, a hankali yake saki. Kuma sabawa da iskar Oktoba a sabon gini sabawa ce da laimar ƙarshen damina da ta ginin da bai bushe ba. Abin da ake bukata shi ne a yage leda, a jera falankan da ƙananan sanduna a tsakaninsu iska na ratsawa, a riƙa aunawa har danshin ya iso tsakiyar abin da gidan zai riƙa gani, wanda a wurinmu bai wuce 8 zuwa 9 ba. Na'ura ce ke faɗin ranar farawa, ba kalanda ba.

Abin da ke ƙarƙashin falon

Da iska kaɗai ce, da falon ƙasa ma tsagewa zai yi. Ruwa ba ya tsami banza. Na share wuri a kan simintin da muka buɗe, na manna farar leda mai faɗin santimita 45 kowane gefe, na liƙe bakinta da salatef. Ƙa'idar wannan gwaji a bar ta aƙalla awa 16. Washegari simintin da ke ƙarƙashinta ya yi duhu, raɓa ta taru a cikin ledar. A watan Fabrairu, wata huɗu rabon Bauchi da ruwan sama.

Na nemi maginin da ya yi aikin tun daga harsashi. Dattijo ne mai gaskiya, bai yi kwana-kwana ba. "Injiniya, an sa leda a kan bulon harsashi, amma ba a shimfiɗa ta ƙarƙashin jaman fulo ba. Ai lokacin tayil aka ce mana za a sa." Jaman fulo shi ne kankaren da ake zubawa a ƙasan ɗakuna bayan harsashi, kuma a nan matsalar take. An yanke shawarar sa katako ne bayan an gama zuba kankare. Tayil yana jure laimar da ke tasowa daga ƙasa ta cikin siminti, shi ya sa maginanmu da yawa ba sa damuwa da leda, ko da yake shi ma kuskure ne. Katako ba ya jurewa. Kankare yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwan ƙasa yana bin su yana hawa dare da rana, idan babu leda mai kauri da ta tare shi.

Sannan an ƙara zuba daɓen siminti mai kaurin milimita 50 don a daidaita falon, mako uku kacal kafin a manna katako. Mutane suna riƙe da kwana 28, amma wannan lokacin da kankare ke ɗauka ne ya yi ƙarfi. Bushewa daban take. Ƙiyasin da magina ke amfani da shi shi ne kwana ɗaya ga kowace milimita, idan iska mai kyau ce, ke nan wannan daɓe yana bukatar kusan mako bakwai ko fiye. A waje kuma, an yi gadon fulawa a jikin bangon kudu ana ba shi ruwa safe da yamma, rufin ba shi da indararo, ruwan damina a gindin bango yake zuba, kuma an ɗaga intalok ɗin tsakar gida har ya kusa kai tsayin daɓen ciki.

Don haka cikin falanki yana shan ruwa yana faɗaɗa, samansa hunturu na busar da shi yana tsukewa, dole gefuna su ɗaga. Tozon bakin ƙofa kuwa tun Nuwamba ya tashi, kafin iska ta bushe sosai. Faɗin falon mita 6 ne, falanki 48. Ƙarin maki biyu kawai yana neman wurin da ya kai milimita 36, ba a bar masa ko ɗaya ba. Ya tura bango, bango bai matsa ba, sai ya nemi sama.

Taurin da ake saya da tsada

Abin da dillalai ke tallata wannan katako da shi shi ne tauri. Akwai ma'aunin da ake kira Janka, inda ake auna ƙarfin da ake bukata a nutsa rabin ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 11.28 a jikin katako. Jan oak na Amurka, wanda da shi ake kwatanta sauran, yana da 1,290. Loko namu yana da 1,260. Jatoba ya haura 2,300, ipe kuma, wani itacen Kudancin Amurka, ya haura 3,500. Tauri yana hana ƙafar kujera lotsa daɓe, shi ke nan aikinsa. Ba ya hana kumburi, kuma shi ne ke wahalar da mai aiki.

Kafintan nan gwani ne a rufi da ƙofofi da kabad, na ga aikinsa a gidan, ba abin kushewa. Amma bai taɓa riƙe jatoba ba. A sama ya shimfiɗa filawud a kan dekin, wanda daidai ne, sai ya riƙa buga ƙusa 'yar inci biyu a gindin harshen falanki da guduma kamar yadda zai yi wa farin katako. Da muka ɗaga layi biyu, harsuna da yawa a tsage suke, wasu ƙusoshin sun lanƙwashe ba su kai filawud ba. Daga nan ƙarar da motsin suke. Irin wannan katako sai an fara huda shi da siririn bakin dirila kafin ƙusa ta shiga, ko a yi amfani da bindigar ƙusa mai siraran ƙusoshi da aka yi domin shi. Ya ce mini bakin zarto uku ya ƙare a aikin, yaransa biyu kuma sun yi ta tari da ƙaiƙayin ido saboda garin katakon. Ba wanda ya ba su takunkumi. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin garin waɗannan itatuwa yana yi wa wasu mutane illa a fata da ƙirji, kuma yaran da ke yanka su ne ba a tunawa da su idan ana lissafin kuɗin aiki.

A ƙasa kuma da farin gam na kafintoci aka manna katakon a kan siminti. Wannan gam da ruwa aka haɗa shi, ya ƙara wa katakon abin da ya riga ya yi masa yawa, kuma idan ya bushe ƙandarewa yake, ba ya bin motsin katako. Gam ɗin wannan aiki daban ne: babu ruwa a cikinsa, ko ya bushe yana nan da danƙo, kuma da cokalin gini mai haƙora ake shafa shi.

Kafin a kira ni an riga an gwada gyara biyu, duka garin neman gira aka taɓa ido. A Janairu an kawo injin gurza aka bi rabin falon da samfefa har ya kwanta sumul. Idanu sun gamsu, amma gefunan da suka ɗaga aka cinye. Ranar da cikin falankin ya bushe ya koma daidai, tsakiya za ta fi gefe kauri, ya yi doro, kuma wannan ba ya gyaruwa. Banish ɗin mai da aka shafa bayan gurzar ya fito da fararen ɗigo-ɗigo, abin da jatoba kan yi wani lokaci. Da ipe ne ko kumaru ko tik, wasu itatuwan da su ma ake daɓe da su, man da ke jikinsu yana iya hana irin wannan banish bushewa, ya yi ta danƙo. A ɗakin Hajiya kuma an kwaɓa garin katako da gam an cike tsagogin, a lokacin da suka fi kowane lokaci buɗewa.

Hajiya tana da nata ƙorafin. Ta ɗaga dardumar tsakiyar ɗaki ta nuna mini: inda darduma ta rufe ruwan ƙasa ne mai haske, kewaye kuma ja ne mai duhu. "Injiniya, ka ga an haɗa mana kala biyu." Na ce mata Hajiya ba a haɗa ba, halin jatoba ne, haske ke rina shi, a watannin farko ya fi sauri, idan aka janye dardumar wurin zai kamo 'yan'uwansa a hankali. Akwai kuma baƙin da'ira kusa da gado inda aka ajiye kaskon turaren wuta, da wani wuri a bakin banɗaki da jiƙaƙƙiyar ƙafa ke taka bayan alwala, ga mai aiki da ke wanke ɗakin kullum da bokiti da mofa kamar tayil. Ba wanda ya gaya musu komai ranar da aka miƙa musu makulli.

Zaman sulhu

An zauna a falon baƙi, da Alhaji, da kafinta, da magini, da wani dattijo daga cikin shugabannin kafintoci da ke kasuwar katako ta Muda Lawal. Alhaji ya ce, "Injiniya, ni abu ɗaya nake son ji. Laifin wa ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, in na ɗora wa mutum ɗaya na zalunce shi. Malam kafinta bai bar wuri a jikin bango ba, gam ɗin da ya sa ba shi ne ba, ƙusa kuma ta fasa harsuna. Waɗannan nasa ne. Amma ko wanda ya fi kowa iyawa a duniya aka kawo, in dai a kan wannan siminti ne, a wannan wata, falon nan sai ya tashi."

Kafinta, wanda tun shigowarsa kansa ke ƙasa, ya ɗago. "Alhaji, ka tuna ranar da aka sauke kayan na ce a bari daɓen ya sha iska? Ka ce biki ba zai jira ba." Auren babban ɗan gidan aka sa a Disamba, ana so baƙi su tarar da gida a kammale. Alhaji ya yi jim, sannan ya ce, "An yi haka." Na girmama shi da wannan kalma, don ba kowane mai kuɗi ke iya faɗinta a gaban wanda yake bin sa bashi ba.

A wuraren gininmu, hannun da ya taɓa aiki a ƙarshe shi ake kamawa, kuma galibi shi ne mafi rauni. Wanda ya sayar da kaya yana nesa, yana da takardar da ta wanke shi, tun da gidan bai zauna tsakanin 35 da 55 ba. Wanda ya canza shawara bayan an zuba kankare shi ne mai gida. Saura kafinta. Dattijon ya yanke cewa a biya shi cikon kuɗinsa, shi kuma ya sake aikin sama da hannunsa ba tare da ƙarin lada ba, Alhaji ya sayi kayan aiki. Duka suka amince.

Abin da aka yi

An ɗaga falon gaba ɗaya a Maris. Falankan da samfefa ba ta taɓa ba aka kankare musu gam, aka jera su a wani ɗaki na sama da sanduna a tsakani. Mafi yawansu sun miƙe da kansu. Waɗanda aka gurza sun yi doron da aka yi tsammani, aka ware su don kantoci. An matsar da gadon fulawa, an sa indararo, an yi magudana a gindin bango.

Alhaji ya so a mayar da katakon falon. Akwai hanya: a bar simintin ya bushe, a shafe shi da ruwan efoksi mai tare laima shafi biyu, sannan a manna da gam mai danƙo. Na gaya masa kuɗin, na kuma gaya masa cewa a fili mai kwanciyar ruwa, babu leda a ƙasa, ni ba zan iya yi masa alkawarin shekara goma ba. Ya zaɓi tayil a falo. A ganina ya yi daidai.

Ya tambaye ni da wane katako ya kamata ya fara tun asali. Na ce da ni ne, da na duba gida kafin waje. Daga ɗanye zuwa busasshe ƙayau, jatoba yana motsewa da kimanin kashi 8 a faɗinsa, loko kuwa bai kai 4 ba. Kawo ma haka yake da natsuwa, shi ya sa Turawa ke neman sa don daɓe. In an samu wanda ya bushe da gaske, aka yanka shi siriri, milimita 60 zuwa 75, tsagar hunturu ba za ta kai a damu da ita ba. Akwai kuma falankin da ake haɗawa a masana'anta, siririn katako mai tsada a sama, filawud a ƙasa, wanda motsinsa kaɗan ne, ko da yake shi ma fuskarsa kan tsattsage idan bushewa ta yi tsanani. Sai dai duk wanda zai saya ya tambayi asalin kayan. Taron yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, da aka yi a Panama a Nuwamban 2022 ya sa ipe da kumaru da kawo da maɗaci cikin itatuwan da ba a ƙetare iyaka da su sai da izini, na ipe da kumaru ya fara aiki a Nuwamban 2024. Madobiya ta riga su shiga tun 2017, bayan an yi wa dazukan Taraba da wasu jihohi ƙarƙaf ana lodin ta zuwa Sin. Abin yana ci mini rai, a fitar da namu a gungume, mu kuma mu sayo na Barazil da dala, wanda bai san iskarmu ba.

A sama na roƙa kada a taɓa komai sai damina ta wuce. A Agusta, ɗakin Alhaji da ba a cike ba tsagoginsa suka rufe kusan ruf. A ɗakin Hajiya kuwa katakon ya kumbura ya matso cikon waje, ya bar ɓarɓashi layi-layi, inda cikon ya ƙi fita kuma ya murƙushe gefunan falankan.

A Nuwamba, da na'ura ta nuna 9, kafinta ya ɗaga ɗakin Hajiya ya sake shimfiɗawa, yana maye waɗanda suka lalace da waɗanda aka ceto daga falo. Kowace ƙusa sai da aka huda mata. An bar milimita 15 a jikin kowane bango, sikatin ya rufe. Wannan kaɗai ba zai isa ba, domin ɗakin mita 4 ne, in katakon ya hau daga 9 zuwa 12 da damina zai nemi milimita 36, bango biyu kuma 30 suka bayar. Don haka bayan kowane layi uku sai a soka katin roba a tsakani, a buga, a zare. Babu watan da za a zaɓa da zai hana katako motsi a Bauchi. Abin da ake yi shi ne a raba motsin biyu, rabi ga hunturu, rabi ga damina, a tanadar wa kowanne wurinsa. Yaran sun sa takunkumi wannan karon. An saya wa kaskon turare faranti mai ƙafa, an sa tabarmar roba a bakin banɗaki, mai aiki kuma ta koma shara da tsintsiya mai laushi da matsattsen tsumma.

Da Fabrairu ya zagayo, tsagogin ɗakin Hajiya kati ɗaya ke shiga, da ƙyar biyu a wasu wurare, kuma babu ƙara. Ɗakin Alhaji yana nan yadda yake, makulli na shiga, ana jin motsi a bakin ƙofa. Ya shimfiɗa kafet a kai, ya ce a bari sai Nuwamba mai zuwa. Sauran falankan suna jere a kan sandunansu, kafinta kuma ya sayi tasa na'urar auna danshi, shi ke zuwa duba su.